Zango a Alƙahira: Awa Biyar Tsakanin Jirgi da Jirgi

Yaran Samaru da Palladan ba sa ɗaga kai idan jirgi ya gifta. Tun bayan da aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya a 1964, ƙananan jiragenta suke shawagi a kan rufin gidajenmu, su tashi, su kewaya gari, su sauka, har ƙuginsu ya zame mana kamar ƙarar injin niƙan maƙwabta. Sai dai na koyo ne, ba sa ɗaukar fasinja. Ran da tafiyar ƙasar waje ta kama Bazazzagi, jakarsa zai saɓa ya nufi Kwangila ya hau motar Kano, ko kuma ya yi kudu zuwa Abuja. Daga can ma, in ba Saudiyya ya nufa ba, da wuya jirgi ɗaya ya kai shi inda za shi. Sai an sauke shi a Alƙahira, ko Addis Ababa, ko Doha, ko Istanbul, ya jira wani jirgin. Wani jiran awa biyu ne. Wani kuwa yini ne da kwana.

Masu yawan tafiya tiransit suke ce masa. Ni na fi son kalmarmu ta gado, zango, domin tana tuna mini cewa ba yau muka fara tsayawa a garin mutane a kan hanyar zuwa wani wuri ba. Fatake sun yada zango a hanyar Gwanja har unguwannin Hausawa na Gana suka ci sunan. Alhazan ƙafa sun bi ta Barno da Chadi da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago, su tara guzuri su ƙara gaba, wasu sai bayan shekaru suke ganin Bahar Maliya. Waɗannan mutane sun san garuruwan da suka ratsa. Sun san kasuwarsu da limaminsu da ɗanɗanon ruwan rijiyarsu. Mu jikokinsu kuwa sai mu ratsa babban birni sau goma ba mu san komai nasa ba sai kujerar ƙarfe da wurin cajin waya.

Haka na yi a zangona na farko a Alƙahira. Jirginmu ya taso daga Kano da rana, muka sauka bayan isha'i, jirgin da zai ci gaba da ni kuma sai washegari da yamma. Ban nemi biza ba, ban tambayi kowa komai ba, don haka na kwana a zaune, na yini a zaune, jakata a cinya, ina kallon allon da ke nuna lokutan tashi. Da hantsi na tsaya jikin gilashi na hango gari can nesa cikin wani hazo mai kama da na hunturunmu, sai raina ya sosu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a Samaru, kuma ɗalibin zaure ne har ƙarshen rayuwarsa. Littattafansa masu rawayar takarda suna nan a wajena, kusan kowanne in ka buɗe bangon farko za ka ga an rubuta cewa a Misra aka buga shi. Garin da littattafan nan suka fito ke nan a gabana, tafiyar da ba ta kai daga Samaru zuwa Kaduna ba, ni kuwa ina bayan gilashi.

Da na dawo na kai wa kawuna gaisuwa a shagonsa na yadi a kasuwar Sabon Gari. Shi ya fi ni sanin wannan filin jirgi, ya ratsa shi ya fi a ƙirga a hanyarsa ta saro kaya. Na ce, “Kawu, duk wucewar nan da kuke yi, kun taɓa shiga cikin gari kuwa?” Ya ajiye almakashi ya dube ni. “Ɗan nan, wa zai bar jirginsa ya shiga garin da bai san kowa ba? In ya tashi ya bar ka fa? Kuɗin wani tikitin wa zai biya?” Tsoronsa yana kan hanya, kuma shi ne tsoron kowa. Amma tsoro ne da lissafi yake maganinsa, lissafin kuma bai fi ƙarfin wanda yake auna yadi da kirga canji tun safe har magariba ba.

Ga yadda na yi nawa da tafiya ta biyu ta zo, a watan Fabrairu, zan je wani gajeren kwas a Ingila. Tikitin ya nuna awa 21 tsakanin sauka da tashi. Wanda bai saba ba zai ɗauka awa 21 ɗin duka nasa ne. Na cire awa ɗaya da rabi na layin shige da fice da fita daga fili. Na cire daren gaba ɗaya, domin baƙo ba shi da abin nema a titi da tsakar dare, barci ya fi masa. Jirgina na biyar da rabi na yamma ne, kuma ƙa'idata a tafiyar ƙasa da ƙasa ita ce in kasance a fili awa uku kafin tashi, wato biyu da rabi. Hanyar komawa a taswira ba ta kai minti arba'in ba, na ba ta awa ɗaya da rabi saboda cunkoso. Ke nan ƙarfe ɗaya na rana dole in kasance cikin mota. Daga takwas na safe zuwa ɗaya, awa biyar. Abin da ya rage mini ke nan cikin 21, kuma a kansa na gina komai.

Akwai wani tarko a cikin lissafin nan da ya kamata a sani. Lokutan da ke jikin tikiti na garin da kake ne, ba na gida ba. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya, amma tun 2023 suka dawo da tsarin tura agogo gaba a lokacin zafi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai ratar ta zama awa biyu. Wanda agogon hannunsa yake kan lokacin Zariya yana iya zama yana shan shayi hankali kwance alhali ana kiran sunansa a lasifika. Kafin in fita daga jirgi na gyara nawa.

Sai batun biza, wanda shi ne ƙofar komai. Mai koren fasfo ba ya fita daga filin jirgin ƙasar mutane don kawai yana da lokaci. Ni tun daga gida na nemi tawa a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, na haɗa da katin rigakafin shawara, wanda Masar take nema daga masu tasowa daga ƙasashe irin tamu. Wasu kamfanonin jirage suna sauƙaƙa wa fasinjansu. Ethiopian Airlines yakan ba wanda zangonsa a Addis Ababa ya kama daga awa 8 zuwa 24 masauki da abinci, idan babu jirgin da ya fi kusa. Turkish Airlines yana da shirin kewaya gari kyauta mai suna Touristanbul ga masu jiran awa 6 zuwa 24, sai dai motar kyauta ba ta ɗauke wa mutum neman izinin shiga Turkiyya. Dokokin nan sukan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka maganar da abokinka ya gaya maka bara ba hujja ba ce bana. Tambayi kamfanin da ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin tikiti, kuma ka nemi amsar a rubuce. A Kano, lokacin da ake auna kaya, na duba 'yar takardar da aka liƙa wa akwatina na tabbatar sunan garin ƙarshe ne a jiki, don kada in sauka a Alƙahira in tarar da akwati yana jirana in yi ta jansa a lungu.

Da na gaya wa abokan aiki a Samaru cewa zan shiga gari, kowa abu ɗaya ya ce: dala. Ban ga laifinsu ba. Dalolin Giza abin gani ne. Babbar cikinsu, ta Fir'auna Khufu, ta kai mita 146 a lokacin da aka gama ta, shekara wajen 4,500 da suka wuce, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano zai so ya ga uwar ɗakinta ta dutse. Akwai kuma gidan tarihi na dandalin Tahrir da aka buɗe a 1902, da sabon da ke Fusɗaɗ inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin da 22 a watan Afrilun 2021. Amma filin jirgi yana arewa maso gabashin birnin, Giza tana kudu maso yamma, a tsallaken Kogin Nilu. Zuwa da dawowa kaɗai zai cinye rabin awa biyar ɗina a cikin mota. Taura biyu ba ta taunuwa. Na ga masu ƙoƙarin haɗa dala da gidan tarihi da kasuwa da masallaci a yini ɗaya, suna komowa da hotuna ɗari a waya, in ka tambaye su me suka gani sai su ce gari ne babba. Ra'ayina shi ne mai gajeren zango ya zaɓi unguwa ɗaya, wadda take da wata alaƙa da shi, ya taka ta da ƙafa. Ni tsohon birni na zaɓa, inda Azhar take.

Na kwana a wani ƙaramin otal kusa da fili. Da safe na ɗauki fasfo da tikiti na sa a aljihun ciki, na rubuta sunan filin jirgi da lambar tashar da zan tashi a takarda da Larabci, na canza 'yan daloli kaɗan zuwa fam ɗin Masar, na roƙi a ba ni ƙananan takardu. Direban tasin da na samu mutum ne mai fara'a, sai dai tun ba mu yi nisa ba ya fara ba ni labarin wani shagon turare na ɗan'uwansa, wai minti biyar kawai za mu tsaya. Na ce masa jirgi nake jira. Ya sake kawo maganar, na sake ba shi amsa ɗaya, da murmushi, har ya haƙura. Minti biyar ɗin nan ita take zama awa, kuma mai zango ba shi da awar bayarwa. Tun da turare ya shigo zance: kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jirgi a jakar hannu, akwatinka kuma ya riga ya yi gaba. Mutanenmu da son turare, sau da yawa a wajen bincike ake raba su da shi.

Ya sauke ni a Babul Futuh wajen takwas da rabi. Ƙofar gari ce ta dutse, mai hasumiya biyu masu kumburin ciki, wadda waziri Badrul Jamali ya gina a 1087. Na tsaya a ƙarƙashinta ina jin sanyin dutsen, sai Ƙofar Doka ta faɗo mini a rai, da yadda mutum yake jin ya bar hayaniyar Tudun Wada ya shiga wata duniya daban in ya ratsa ta. Daga wannan ƙofa titin Mu'izzu ya miƙe kudu, tsawon kilomita ɗaya ko fiye kaɗan, har zuwa Babu Zuwaila. Shi ne kashin bayan birnin da Faɗimawa suka kafa a 969, kuma an sa masa sunan halifansu. Da sassafe haka yawancin shaguna ba su buɗe ba. Masu shara ne, da 'yan makaranta, da wani saurayi a kan keke ɗauke da faffaɗan katako a ka, an jera gurasa a kai hawa biyu, hannu ɗaya a kan keke ɗaya a kan katakon, yana ratsa mutane ko guda ba ta faɗi ba.

Gine-ginen titin nan sun fi ƙarfin awa biyar, don haka na wuce da yawa da ido kawai. Na ɗan tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti a wuri ɗaya. Amma abin da ya riƙe ni ƙaramin gini ne a inda titin ya rabu biyu, wanda Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744. Ƙasansa ɗaki ne mai manyan tagogi na tagulla, inda a da ake miƙo wa mai wucewa ruwan sha kyauta. Samansa kuwa baranda ce buɗaɗɗiya, inda yara suke koyon Alƙur'ani. Sabil a ƙasa, kuttab a sama. Na daɗe ina kallonsa, domin na san wannan tunanin. Randar da kakata take ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kai, da makarantar allon da ke zauren maƙwabcinmu, su ne wani mai hali ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya gina da dutse, ya tsayar musu da wakafi don kada su mutu bayansa. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a tsohon birnin. Da a mota nake da ko lura da shi ba zan yi ba.

Na tsallaka babban titin Azhar, na bi ta tsakanin gine-ginen Sarki Ghuri har Babu Zuwaila, wadda aka gama a 1092. Ana biyan kuɗi kaɗan a hau. Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, sai ka riƙa dafa bango. A sama kuwa gari ne shimfiɗe, hasumiya bayan hasumiya, rufin gidaje cike da tarkace da kejin tattabaru, can kudu maso gabas kuma ganuwar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176 tana zaune a kan tudu. A wannan gari Mansa Musa na Mali ya yada zango a 1324 a hanyarsa ta hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, marubutan Masar suka rubuta labarin. Tun kafin shi ma mutanen Kanem sun ba da kuɗi an gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, a tsakiyar ƙarni na 13, inda matafiyansu suke sauka. Hatta jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamban 1925, daga Helwan suka taso, kudu da wannan birni, guda uku na sojan Ingila, suka yi kwanaki a hanyar da na yi cikin 'yan awoyi. Hanyar nan tsohuwa ce, mu ne dai muka daina sauka.

Ƙarfe goma da rabi na shiga Azhar ta ƙofar da ake kira Ƙofar Wanzamai, domin a nan ake yi wa ɗalibai aski a da. Na miƙa takalmina ga mai ajiya, na taka farin dutsen tsakar masallacin, sanyinsa ya ratsa safa. An fara ginin a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a watan azumin 972. Daga tsakar gida in ka ɗaga kai za ka ga hasumiyar Ghuri mai kai biyu, kusa da ta Ƙaitbai. Ban ɗauki hoto da yawa ba. Na shiga ciki na sami gindin wani ginshiƙi na zauna.

Kusa da ni wani dattijo ne a kan kujera, matasa kamar goma sha biyar sun kewaye shi a ƙasa, kowa da littafi a buɗe. Ɗaya yana jan baƙi, malamin yana tsayar da shi ya yi bayani, ya ce ci gaba. Wani yana rubutu ƙanana a gefen shafi, ya karkatar da littafin don ya sami wuri. Fuskokinsu daga ko'ina: na ga masu kama da mutanen Indunusiya, na ga farare, na ga baƙaƙe irina. Larabcina na zaure ne, ban kama komai da komai ba, amma tsarin zaman ban buƙaci tafinta ba. Haka ake yi a zaurukan Unguwar Juma da Ƙona a cikin birnin Zariya. Haka mahaifina yake zama bayan asuba kafin ya buɗe keken ɗinki.

Ba abin mamaki ba ne in aka duba su wane ne suka rubuta littattafan da muke karantawa. Ashmawi, wanda yaro yake farawa da shi bayan Ahalari, na malamin Masar ne. Iziyya ma haka. Muhtasar, wanda sai ɗalibi ya ƙoshi yake isa gare shi, Shehu Halilu ɗan Ishaƙ ne ya wallafa shi, mutumin wannan birni. Tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a masallatanmu duk watan azumi, Jalaluddin Mahalli ne ya fara, ɗalibinsa Jalaluddin Suyuɗi ya kammala, dukansu 'yan Alƙahira. Suyuɗin nan, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan ƙasashenmu, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da na Agadas. Hanyar kuma ba ɗaya ba ce, mu ma mun aika: a nan aka buga tafsirin Shehu Abdullahi na Gwandu, Liya'ut Ta'awili, a 1961, sannan Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1964. A cikin Azhar ɗin kanta, cikin sassan da aka ware wa ɗaliban ƙasashe, akwai wanda aka sani da na Barnawa.

Ina zaune sai na ji sallama da muryar gida. Wani matashi ne, hularsa ce ta fara ba ni labari kafin bakinsa. “Malam, daga Najeriya?” Na ce daga Zariya. Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida da hanya, kamar mun saba. Ɗalibi ne, daga wajen Katsina, shekararsa ta uku. Da ya ji awa nawa suka rage mini sai ya miƙe. “To Malam, mu yi sauri, masu littattafai sun buɗe.”

Lungunan da ke bayan masallacin cike suke da shagunan littattafai, wasu ba su fi ɗakin kwana faɗi ba, an tara su daga ƙasa har rufi, mai shago yana hawa tsani ya sauko da abin da ka nema. Ƙamshin wurin na sani, ƙamshin akwatin mahaifina ne: tsohuwar takarda da ƙura da manne. A wannan yanki maɗaba'ar Mustafa al-Babi al-Halabi ta yi suna, sunan da na fara haɗa baƙaƙensa tun ina yaro ban san ko mutum ne ko gari ba. Na nemi Jalalaini. Mai shagon ya kawo sabon bugu mai farar takarda da bango mai walƙiya. Ɗalibin ya yi masa magana da Larabcinsu na kasuwa mai sauri, sai ya koma ciki ya daɗe, ya fito da wani yana kaɗe shi a cinyarsa. Rawayar takarda, ayoyi a tsakiya cikin gida, tafsiri yana kewaye da su a gefe. Irin na mahaifina sak, sai dai wannan ba a taɓa buɗe shi ba. Ɗalibin ya yi ciniki, na biya ban ƙara magana ba.

A Fabrairu azahar ta Alƙahira tana yi da sha biyu da 'yan mintoci, lissafina ya riga ya ba ta wuri. Kiran sallar bai fito daga wuri ɗaya ba. Azhar ta fara, masallacin Husaini da ke tsallaken titi ya ɗauka, sai na nesa da na kusa suka haɗu har ba ka iya rarrabewa. Muka yi salla, muka fito. Kasuwar Khan Khalili tana nan dab da mu, ta ɗinke da masu yawon buɗe ido, na leƙa bakinta kawai na juyo. Wanda ya san kasuwar Sabon Gari ranar da kaya suka sauka ya san in ka shiga irin wannan wuri ba kai kake yanke lokacin fitowa ba.

Abincin da ɗalibin ya kai ni ci sunansa kushari. Shinkafa ce da taliya yankakkiya da adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa har ta yi tsini, ga ruwan tafarnuwa da yaji a kwalba kowa ya sa daidai bakinsa. Babu nama, ba tsada, kuma kafin ka gyara zama an ajiye maka. Ɗan'uwan garau-garau ne, ya dai fi shi tarkace. Na yi ƙoƙarin biya, yaron ya rantse shi ne mai masauki. Da ƙyar ya bari na sa masa wani abu a aljihu na sayen littafi, ya ba ni saƙon gaisuwa ga wani malaminsa a Zariya.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar ya kira mini mota ta waya, ya nuna wa direba takardar da na rubuta. Ba mu fi minti goma a kan titin Salah Salim ba muka tsaya cik. Motoci layi biyar a hanyar da aka yi wa uku, kowa hannunsa a kan ham. Minti ashirin muna matsawa taku-taku. Na duba agogo, na sake dubawa, amma gabana bai faɗi ba, domin wannan tsaikon na riga na biya kuɗinsa tun a Samaru, ran da na ba hanyar minti arba'in awa ɗaya da rabi. Biyu da kwata na shiga fili. Bincike biyu, layin shige da fice, sannan ƙofar shiga jirgi, na sami kujera da sauran fiye da awa ɗaya a hannuna.

Ba kowa zan ba shawarar ya fita ba. Wanda jiransa bai kai awa takwas ba, ya zauna, lissafin ba zai fitar masa da komai ba. Wanda ya rako marar lafiya ko tsoho, hidimarsa ita ce tafiyarsa. Wanda ya sayi tikiti biyu daga kamfanoni daban, ya san in ya makara babu mai ɗaukar masa asara, sai ya ninka taka-tsantsan. Amma lafiyayyen mutum mai takardu cikakku, da yini guda a gabansa, ina jin takaicin in gan shi a miƙe a kan kujera ya rufe fuska da hula, Azhar tana nan tafiyar minti arba'in.

Bayan mako uku na dawo gida. Ranar Asabar na hau bas daga Samaru na sauka a Sabon Gari, na sami Kawu yana ninke shadda. Na gaishe shi, na miƙa masa littafin a cikin leda. Ya goge hannu a rigarsa kafin ya karɓa. Ya buɗe bangon farko, ya kai shi kusa da fuska, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Irin na babanka ne.” Na ce daga lungun da ake sayar da su na sayo, da ƙafata na je. Ya tambaye ni nisan wurin daga filin jirgi, da kuɗin mota, da ƙarfe nawa na koma, da ko an tsare ni da tambayoyi a wajen shige da fice. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya jawo littafin rasit ɗinsa, ya juya bayansa, ya ciro biro daga aljihu. “Sake faɗa mini sunan ƙofar nan da aka sauke ka,” ya ce, “a hankali, yadda zan rubuta.”